Fijon Malam: littafin aikin tayar da 504

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na biya 'yan'uwana kuɗin motar mahaifinmu, Malam. Tun da ya rasu take cikin lissafin gado, amma ba wanda ya waiwaye ta, sai da wani ɗan gwangwan ya leƙo ta saman katanga ya hangi ƙarfe kwance a gindin darbejiya. Shi ya tayar da zancen. Lissafinsa a bakinsa yake: Fijo 504 tana kai kilo 1,200, a fid da taya da gilashi da kushin, abin da ya saura a buga shi da kuɗin kilo. Yaya ya ce a sayar a raba kowa ya huta, kuma ban ga laifinsa ba, akwai ƙannenmu mata da kuɗin zai yi wa rana. Na ce to a yi mata kuɗi ni in saya. Aka kira Kawu ya zauna, na ɗora wani abu a kan tayin ɗan gwangwan, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu.

504 ce samfurin GL, ƙirar 1978, haɗin Kaduna. Malam ya saye ta da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, ya hau ta shekara 31, ya ajiye ta a 2009 da idonsa ya fara rauni. Fara ce, ko in ce da can fara ce. Tayoyin sun nutse cikin ƙasa har bakin wili, kaji sun mai da kujerar baya akurki, ɓeraye kuma sun kafa gari a bayan dashbod. Da na buɗe but na tarar da jak ɗinta na asali, da sifanar taya, da wata butar roba da zafi ya cinye.

Hajiya tana zaune a kan tabarma tana kallona. Ta ce, "Kai dai ba ka rasa abin ɓatar da kuɗi. Wannan gawar za ka tayar?" Na ce, "Ku dai sa mana albarka, Hajiya." Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma kada ta ji an taɓa kuɗin makarantar yara.

Na sayi littafi mai bango mai tauri. Duk abin da aka kwance, da wanda aka canza, da wanda aka bari yadda yake, a ciki zai shiga. Wannan da kuke karantawa daga can nake kwafowa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun kawo ta Kaduna daga Zariya a bayan babbar mota. Fitar da ita daga gidan ya ci mana safiya guda, don birkin baya ya kama ƙam, tayoyin sun ƙi juyawa, sai da majiya ƙarfi takwas suka taru aka ja ta a kan katako.

Wanda zai yi aikin dattijo ne da kowa a garejin ke kira Baba. Yana saurayi ya yi aiki a masana'antar Fijo da ke Kakuri, ɓangaren inji, daga baya ya buɗe nasa wurin. Yanzu yawancin abin da ake kawo masa Toyota ne da Honda, yaransa ke yi, shi yana benci da carbi a hannu. Da aka sauke motar bai ce uffan ba. Ya zagaye ta sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa yana saurare, kamar mai sayen kankana. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya fito tambaya ɗaya ya yi mini: "Da wane ruwa mahaifinka yake cika lagireto?" Na ce ruwan rijiyar gidanmu. Ya kaɗa kai ya ce, "To can aikin yake jiranmu."

Mun yi sharaɗi. Nasa biyu ne: kada in sa masa rana, kada kuma in sayi ko noti ɗaya ban nuna masa ba. Nawa ɗaya ne: ba a yanke komai, ba a yar da komai, sai na gani da idona. Ya cire fulogi huɗun, waɗanda a wannan injin suke can ƙasan wasu dogayen bututu, ya ɗura man dizal a kowane rami, ya ce in dawo bayan sati biyu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Injin bai saki ba tukuna. An ƙara dizal. Tunda ba abin yi, hira muka sha, kuma ban yi asarar zuwa ba.

Ni abin da na sani na takarda ne. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka ba ta kambun motar shekara ta Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, har da wannan but ɗin da ya karye ya sunkuya kamar an danna shi da gwiwa. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, a shekarar kuma masana'antar Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, mu kuwa muka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, bayan Ajantina da Kenya duk sun ajiye. Wato motar da aka haifa a Faransa, a Kakuri ta yi tsufanta.

Abin da Baba ya sani kuwa a hannunsa yake. Ya ce lokacin da suka fara, tashar ruwa ta Legas a cunkushe take da jiragen siminti, kaya kan yi watanni ba a sauke ba, don haka ta sama ake kawo kayan haɗin, daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗoro su a manyan motoci zuwa Kaduna. Na taɓa karanta wannan, amma daban ne ka ji shi a bakin wanda ya buɗe akwatunan. Ya sa na durƙusa ya nuna mini abin da ya sa motar ta yi suna a hanyoyinmu. Farfelarta ba a fili take ba, cikin wani ƙaton bututun ƙarfe take tun daga giya har aksul, ƙasa da duwatsu ba sa samun ta. Ga tsayi daga ƙasa. Ga sifirin masu dogon numfashi, ta faɗa rami ta fito ba ka ciji harshenka ba.

Wanda ya girma a arewa a shekarun 1980 ba sai an ba shi labari ba. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta sa manyan jami'ai suka sauka daga Marsandi suka hau Fijo. Wagon ɗinta ita ce motar tasha, Kano zuwa Jos, Kaduna zuwa Sakkwato, fasinja da kayansu har saman rufi. A-kori-kurarta ita ke kai hatsi kasuwar ƙauye. Yawan nan ne ya jawo mata raini, don ba wanda ya zaci za ta ƙare. Yau ka tsaya a bakin titin Ahmadu Bello awa guda ka ƙirga nawa za su wuce ka. Sauran an narkar da su an yi rodi, wata ƙila suna cikin dakalin gidan wani.

Asabar, 14 ga Disamba

Ya saki ranar Laraba. Yau aka buɗe kai.

Wannan zan rubuta shi dalla-dalla, don na ga abin da ba a cika gani a garejin yanzu ba. Injin XN1 ne, cc 1,971, a kishingiɗe yake gefe guda. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyom. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Kowanne bututu ne mai zaman kansa, kanikawa na ce masa silif, zura shi ake yi, ruwa na zagaye shi ta waje, a gindinsa kuma akwai wani siririn gaskit kamar takarda da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai. Kan injin ne ke danne su huɗun. Da yaron Baba ya gama kwance notuna ya kai hannu zai ɗaga kan sama, sai Baba ya daka masa tsawa har ni na razana. Ya ce ba a ɗaga shi, murza shi ake yi gefe a hankali har ya rabu da gaskit, in ba haka ba sai ya taho da silif, zamansu ya ɓaci, gobe mai mota ya ga baƙin mansa ya koma kamar kunun gyaɗa. Yana cire kan kuma ya ɗauko wasu faifan ƙarfe biyu da ya ƙera da kansa tun shekaru aru-aru, ya ɗaure silif ɗin da su kafin ya yarda a juya kiranshaf. Na ce, "Baba, ai kun ce wata ƙila canza su za a yi." Ya ce, "Ɗana, ba silif nake tsarewa ba, hannun yaron nan nake gyarawa."

Maganar ruwan rijiya ta tabbata. Hanyoyin ruwa sun toshe da wani farin dutse-dutse da jar laka, alminiyom ɗin kan ya zaizaye a wuri biyu, silif biyu na tsakiya sun yi ƙuraje ta waje. Malam mutum ne mai kula, bai taɓa wuce lokacin juye baƙin mai ba, kuma kiranshaf ya ba da shaida, sumul yake, gogewa kawai yake so. Amma a zamaninsu wa ya damu da ruwan kwalba na lagireto? Ruwa dai ruwa ne.

Abin saye: silif da fistin da zobe saiti guda, metal, gaskit gaba ɗaya, sarƙar taimin, famfon ruwa. Kan injin za a kai a yi masa walda a goge fuskarsa.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Sati uku ina yawon kaya cikin wannan hazo. Panteka ta ba ni abin da ban zata ba. Wani mai shago ya shige can ƙurya ya fito da saitin silif da fistin a kwalinsu, kwalin ya yi ja don tsufa, maiƙon da aka shafe su da shi tun daga masana'anta ya daskare kamar kakin zuma. Ya ce ya manta rabon da wani ya tambaye shi su. A Ƙofar Ruwa ta Kano na samu famfon ruwa da fitilar gaba ɗaya, ta hagu.

Na kuma karya sharaɗi. A hanya na tsaya wani shago na ga gaskit ɗin kai a leda mai hoton zaki, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, na saya ban kira Baba ba. Da na miƙa masa ya zare shi daga leda, ya ɗora a kan tsohon, ya nuna mini ramukan ruwa biyu da ba su hau kan juna ba. Ya ce, "Araha ba ta ado. Kai shi ɗakinka ka rataye." A bangon garejin na rataye shi, inda zan riƙa ganinsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Wani abokin aikina ya raka ni gareji, ya ga inji a warwatse a kan buhu, ya riƙe baki. Shawararsa ita ce ta kowa: a jefar da wannan, a sa injin Toyota ɗan Kwatano, a sa giya mai canza kanta, a sa na'urar sanyi, a mai da ita mai shan gas tunda litar fetur ta taɓa haura naira 1,000. Ya ce jiki mutane ke kallo, wa zai buɗe bonet?

Ba maganar banza ya yi ba. Direbobin tasha da yawa sun yi wa motocinsu dashe iri-iri, da shi suka ciyar da iyali, kuma wanda mota ce gonarsa ba ni da bakin ce masa komai. Amma ni ba motar zuwa aiki na rasa ba. In na cire injin na cire giyar, kwano kawai ya rage na Malam, kuma kwano ɗan gwangwan ma ya so ya saya.

Masu wannan sha'awa a duniya suna da ƙungiya, FIVA, tun 1966. A wurinsu mota ba ta zama ta tarihi sai ta kai shekara 30, ana riƙe da ita a kamanninta na asali, kuma ba ita ce ta zirga-zirgar yau da kullum ba. Suna da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, ta fara aiki a 2013. Gundarinta shi ne a gyara abin da ya lalace, a bar alamun shekaru inda ba su cutar da motar, duk abin da aka canza a rubuta shi, in da hali kuma a yi shi yadda na baya zai iya warwarewa. Da na fassara wa Baba sai ya yi dariya, ya ce su Turawa sai sun kira taro kafin su san abin da kowane mai gyaran agogo ya sani.

Gas kuwa, tukunyarsa za ta cinye but, kuma sai an huda bene. Na ce a'a. Abu ɗaya na yarda a ƙara wanda ba ta zo da shi ba, bel na kujerar baya, saboda yara. Na rubuta shi a littafi da jan biro.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Raina a ɓace yake. Bari in rubuta kafin in huce in fara yi wa labarin kwaskwarima.

Tsatsa ba ta yi mata mugun ci ba, albarkacin busasshiyar iskarmu. 'Yan'uwanta na Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ya cinye su. Namu wuri uku ne: benen gaba ta wajen direba, inda ruwan sama ke shiga ta robar gilashi, da ƙasan but, da mazaunin batir. Fanabita ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗinke da sabon faranti, aiki mai tsabta, ba laɓta bodi-fila. Muka gwada goge wani yanki na rufin da man gogewa, sai ga farin asali ya fito, mai ɗan ruwan madara. Nan na yanke cewa ba za a yi mata fenti gaba ɗaya ba, sai wuraren da wuta ta taɓa.

To, a ƙofar baya ta dama akwai wata lotsawa kamar faɗin tafin hannu. A 1988 Yaya yana koyon tuƙi a ɓoye ya goga ta da ginshiƙin ƙofar gida. Malam bai dake shi ba, bai kuma gyara ba, ya ce a bar ta nan ta riƙa yi masa wa'azi. Da ita muka girma. Na gaya wa fanabita kada a taɓa ta, amma ban gaya wa yaronsa ba, ban kuma sa alama ba. Yau na zo na tarar yaron ya buge ta ta ciki, ya shafe, ya goge da samfefa, har ya fesa fentin ƙasa. Yana tsaye yana murmushi yana jiran yabo. Abin haushin ma shi ne aikin ya yi kyau, ko da hannu ka shafa ba za ka gane wurin ba.

Ban yi masa faɗa ba, laifina ne. Na kira Yaya na gaya masa, ina zaton zai ji abin da na ji. Sai ya fashe da dariya, ya ce shekara 37 yana jin kunyar wannan ƙofar, a ba shi lambar yaron ya aika masa da tukuici.

Daga yau duk abin da ba na so a taɓa, tef nake manna masa in yi rubutu a kai.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi. Gareji na tashi da la'asar. Mai waya ya fi son aikin dare, bayan asham, da 'yar fitila a baki. Ɓeraye sun ci waya goma sha ɗaya. Wayoyin Fijo na wancan zamani lamba ce a jikinsu, don haka ya bi lamba yana haɗawa, bai zare damin gaba ɗaya ya yar ba. Da aka sa batir agogon dashbod ya ci gaba da tafiya. Rediyo bai ce komai ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ta tashi.

Amma ba da sauƙi ba. An wanke tanki sau uku da tsakuwa a ciki ana girgizawa. An kwance kafireton Solex an busa kowace kafa. Sabon kwantak, sabuwar kwandensa. Baba ya saita bawul inji yana sanyi, tazarar milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita, ya sa na rubuta a gabansa. Aka murza makulli. Sitata na juyawa, sai tari, sai wata ƙara ta salansa kamar bindigar toka, har mai shayin da ke gefe ya zubar da kofi. Sau huɗu haka. Ashe lokacin da yaron ya jera wayoyin fulogi Baba yana sallar azahar. Ya duba sau ɗaya ya tambaye shi, "Ina lamba ɗaya?" Yaron ya nuna silindar gaba, ta wajen lagireto, yadda ya saba a motocin Japan. Baba ya ce a Fijo daga baya ake ƙirgowa, ta wajen kuloci. Jerin 1-3-4-2 daidai yaron ya yi shi, sai dai ya faro daga kan da ba shi ba, wuta na zuwa lokacin da silinda ke fitar da hayaƙi. Aka sake jeri. Murzawa ɗaya ta kama.

Ban san na riƙe ƙarar nan a kai ba sai da na ji ta: ɗan kaf-kaf na bawul a sama, gurnani mai taushi a ƙasa. Ita ke tashinmu da asuba ranar komawa makarantar kwana, Malam yana ɗumama inji muna ɗaure akwati. Na zagaya bayan gareji na ɗan tsaya.

Wanda ya tsaya mini a rai daga baya shi ne yaron. Yana da hannu, yana da kai, amma ya gaya mini gaskiya, shi motocin kwamfuta yake so ya ƙware a kansu, can kuɗi yake. Ba zan ce ya yi kuskure ba. Sai dai Baba ya haura saba'in. Silif na samu a ƙuryar shago cikin kwali, wanda ya san daga ina ake ƙirga silinda kuwa ban ga shagon da ya ajiye shi ba. Na roƙi Baba ya bar ni in riƙa ɗaukarsa a waya yana aiki yana bayani. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, amma in hannu kawai zan ɗauka ban da fuska, ya yarda.

Asabar, 10 ga Mayu

Birki ya ci wata guda. GL faifai gare ta a ƙafa huɗu, na baya kuma su ne masu rigima don birkin hannu a cikinsu yake. Sabbin tiyo, sabbin robobi, shokozoba, bushin, taya huɗu masu lamba 14.

Gwajin farko cikin unguwa muka yi shi, rana tsaka, a wannan zafi na bazara. Minti ashirin allurar zafi ta haye. Aka kai lagireto aka sake masa saƙa. A nan gardama ta tashi, mai lagireto ya ce a cire tamostat a yar, haka kowa ke yi a ƙasar zafi. Baba ya ce haka kowa ke yi, shi ya sa injin kowa ke shan mai yana cin zobe, don in ba tamostat inji ba ya saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, balle da sanyin hunturu. An mayar da tamostat, an zuba ruwan lagireto na gaskiya. Rijiyar gidanmu ta gama nata.

Sitiyarin ba shi da mataimaki. A tsaye sai ka sa ƙarfi, da ta fara tafiya kuwa ya saki jiki. Kwana biyu kafaɗuna na ciwo.

Asabar, 21 ga Yuni

Wani da ya ga motar a gareji ya gayyace ni zamansu. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, mutum tara ne ko goma da ke haɗuwa jefi-jefi a filin wata makaranta da yammacin Asabar, kowa da tsohuwarsa. Na ga 404 mai giya a jikin sitiyari, da Marsandi 200 irin ta ƙarshen shekarun 1970 guda biyu, da Volkswagen Beetle haɗin Legas, da 505, da wata Land Rover da ta girmi mai ita. Akwai likita, akwai tela, akwai tsohon direban tasha. Ba wanda ya tambayi sana'ar wani sai can wajen magariba. Tambayar farko ita ce, ina ka samo kaza?

Kashi biyu ne su, masu ƙyalli da masu asali. Marsandi ɗaya an yi mata fenti mai walƙiya, da wilin zamani, da lasifika cike da but. Ɗayar ta koɗe, amma ko tabarmar ƙafa tata ce. Tawa a tsakaninsu ta zama kamar rigar da aka yi wa faci, don sabon fentin ya ɗan fi tsohon fari. Wani ya ce, "Alhaji, kuɗin fenti ne ya ƙare?" Kafin in amsa tsohon direban ya buɗe bonet, ya sa tabarau, ya daɗe yana dube-dube, ya ɗago ya ce, "Injinta ne. Da tsohuwar zuma ake magani." Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. Amma a hanya na yi tunani, mai ƙyallin nan ma da bai sayi tasa ba da yanzu rodi ce. Zan iya ƙin wilinsa, ba zan ƙi shi ba.

Wani mutumin Maraɗi da ke kasuwanci a nan ya ba mu labarin yadda a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa ke sayen tsofaffin 504 a Faransa, su keto Sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma. Ya ce in ana neman kayan 504 kada a manta da Maraɗi da Damagaram. Na tura masa hoton fitilar baya ta dama da ta fashe, da robar gilashin gaba. Ya ce in ba shi wata guda.

Ina dawowa ruwa ya sauko. Ya shigo ta kusurwar gilashi yana ɗiga daidai kan sabon benen da aka yi wa walda. Na tsaya na cusa leda.

Asabar, 19 ga Yuli

Takardu sun kammala, sabuwar lamba ta fito. Tsohuwar na goge ta na ajiye a but kusa da jak. Saƙon Maraɗi ya iso a motar haya, roba sabuwa, fitila tsohuwa amma lafiyayya, an naɗe ta cikin tsohon zani. An sa. Na sheƙa bokiti uku a kan gilashi, ko ɗigo.

Mai kushin ya so ya sake duka. Kujerun gaba wanki da ɗinki kawai na yarda a yi musu. Ta baya kaji ba su bar abin ceto ba, an sake ta, launin bai zo ɗaya da na gaba ba. Ya shiga littafi da jan biro.

Asabar, 9 ga Agusta

Zariya. Kilomita 80 ne ko kusa da haka, na yi su a awa ɗaya da rabi, don Baba ya hana a wuce 80 da sabon inji. Shi ne a gaba, yara biyu a baya da bel. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Bayan mun wuce Jaji ya ɗaga hannu ya ce in saki totur, in sake takawa, in sake saki. Wani siririn kuka ne daga baya, in na taka ya zo, in na saki ya tafi. Ni ban ji shi ba sai da ya nuna mini. Ya ce aksul ne, ba na gaggawa ba, amma ba za a bar shi ba.

Hajiya ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta cika yi ba. Suka gaisa da Baba, ta yi masa godiya. Ta zagaya motar a hankali, ta tsaya a ƙofar baya ta dama, ta shafa, ta ce, "Ina tabon yayanka?" Na ba ta labari. Ta ce, "Da kun bar shi." Sannan ta buɗe gaba ta zauna, ta ce a kai ta Tudun Wada gidan ƙanwarta, in kuma tafi a hankali, ita ba ta yarda da birkin da ya yi shekara 15 yana barci ba.

Abin da ya rage: aksul, rediyo, fitilar gaba ta dama da madubin cikinta ya dushe. In ta cika kilomita 1,000 a sake ɗaure kan inji, a sake saita bawul, a juye mai. Mita ta nuna 412 tun ranar da ta tashi. Baba ya ce in kawo ta Litinin da sassafe, in taho da man giya lita biyu, in kuma turo masa hoton galan ɗin kafin in biya.